Mai hoto ya bi biki, kada biki ya bi mai hoto

Duk wanda ya halarci biki a Arlit ko Agadas ko Yamai a 'yan shekarun nan zai shaida cewa an naɗa wa biki sabon sarki, wato mai hoto. Shi ke cewa amarya ta tsaya nan, ango ya juya can, ƙawaye su jeru, tsofaffi kuma su ɗan matsa gefe. Wani lokacin har kai amarya ake jinkirtawa saboda bai gama aikinsa ba. Idan hotunan suka fito kuwa, sai a tarar an goge fuskar amarya da kwamfuta, an ƙara mata fari, har uwar da ta haife ta sai ta ƙura ido kafin ta gane 'yarta.

Mu a ganinmu an kife al'amarin. Mai hoto ne ya kamata ya bi biki a hankali, ya ɗauki abin da ke faruwa yadda yake faruwa, ba tare da ya tsara kowa ba: gwaggo tana ƙunsa wa amarya lalle, dattawa sun ɗaga hannu ana shafa fatiha, yara suna wawar alewa, uwa ta juya baya tana share hawaye lokacin da aka zo ɗaukar 'yarta. Hoton da aka tsara kwalliya kawai yake nunawa, shi kuwa wannan yana nuna mutane da zumuncin da ya tara su.

Maganar ta fi shafar mutanen ƙauyuka irin su Gougaram da ke cikin gundumar Arlit. Samarinmu da 'yan matanmu da yawa aiki ko karatu ya kai su birni, can kuma suke aure. Ranar bikin ce kaɗai dangi ke haɗuwa, wasu daga daji, wasu daga Agadas mai nisan kimanin kilomita 240 daga Arlit, wasu ma daga Yamai, tafiyar fiye da kilomita 1,000. Kaka takan zo da turkuɗinta, wanda marinan Kura ta ƙasar Kano suka daɗe suna rina wa Abzinawa. Mata sukan ɗaure wa turmi fata su buga tande, maƙera kuma suna ta kai-kawo tsakanin dangin ango da na amarya kamar yadda al'ada ta ɗora musu. Amma a duba hotunan bikin a gani, sai a iske ango da amarya sau hamsin a kan kujerar haya, kaka kuwa ko sau ɗaya. Bayan shekara biyu Allah Ya karɓi abinSa, a rasa hoton da za a nuna wa jikoki.

Mu mutanen ƙasar yuraniyom mun fi kowa sanin cewa taro ba ya daɗewa. Garin Arlit saboda ma'adini aka kafa shi a ƙarshen shekarun 1960. Kamfanin Somaïr ya fara haƙa a 1971, Cominak kuma a Akokan a 1978, mutane suka yi ta kwarara daga ko'ina cikin Nijar da maƙwabta, har ana yi wa garin kirari da birnin Paris na biyu. Da wannan kirarin ne Idrissou Mora-Kpai, ɗan ƙasar Benin, ya sa wa fim ɗinsa na 2005 suna, inda ya nuna yadda armashin garin ya dushe. A ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe mahaƙar Cominak, ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da na 'yan kwangila. A watan Yunin 2025 kuma gwamnati ta mayar da Somaïr mallakar ƙasa. Duk sauyin da ya zo, wasu iyalai kan naɗe tabarma su koma Tawa ko Maraɗi ko Damagaram. Maƙwabtan da suka ci tuwon biki tare sun watse. Abin da zai shaida cewa sun taɓa zama wuri ɗaya shi ne hoto, idan har an ɗauke su.

Kada kuma a ce wannan salo na Turawa ne. A Bamako, Malick Sidibé ya yi shekaru yana yawo wuraren bukukuwa da taron samari da dare yana ɗaukar mutane suna cikin sha'aninsu. A 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na birnin Venice a Italiya, ya rasu a 2016. A nan gida, Philippe Koudjina ya yi irin wannan aiki a Yamai cikin shekarun 1960 da 1970, ya rasu a 2014. Yau mai son ganin yadda mutanen biranen nan biyu suka yi ado da rawa da dariya bayan samun mulkin kai, hotunansu yake nema. Gani ya kori ji.

Mun san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa mai hoton da aka sake ya yi yawo cikin gida zai ɗauki matan aure ba lulluɓi, ko dattijo yana cin abinci, gobe a ga hoton a Facebook ko TikTok. Gaskiya ne, an sha ganin haka, kuma ya sha haddasa fitina tsakanin miji da mata. A wajen Abzinawa, namiji ba ya sauke amawalinsa gaban surukai, to ina ga a kama shi a hoto baki buɗe a watsa wa duniya? Akwai kuma gidajen da ba su yarda da hoto ba sam saboda fahimtarsu ta addini, wajibi ne a girmama su. Sai dai ɗaukar mutum yadda yake daban, satar hotonsa daban. Maganin ɓarnar shi ne a kafa ƙa'ida tun kafin ranar biki.

Ga shawararmu ga masu shirin aure. Da farko, a zauna da mai hoto a faɗa masa wuraren da zai shiga da waɗanda ba zai taka ba. Ɗakin mata a ba mace ta ɗauka, ko da wata 'yar gida ce mai waya mai kyau. Na biyu, a sanar da mahalarta cewa za a ɗauki hoto, wanda ba ya so a ƙyale shi. Na uku, a yi yarjejeniya cewa hotunan na masu biki ne, ba za a sa ko ɗaya a intanet don talla ba sai da izininsu. Masu hoto su tuna cewa dokar laifukan intanet da Nijar ta kafa a 2019 ta tanadi hukunci kan yaɗa abin da ke zubar da mutuncin ɗan Adam. Na huɗu, a nuna wa mai hoto tsofaffin gida ɗaya bayan ɗaya, a ce masa kada rana ta faɗi bai ɗauke su ba. Na ƙarshe, a wanke ko da hoto talatin ne a takarda a adana, domin waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, ƙurar hamada ma tana kashe ta.

Ba mu ce kada amarya ta yi kwalliya ta tsaya a ɗauke ta ba, ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi. A ware wa wannan rabin awa, sauran yinin a bar biki ya ci gashin kansa. Su ma masu hoton su sani cewa sana'arsu amana ce, abin da suka ɗauka yau shi jikoki za su riƙe a matsayin tarihin gidansu.

Allah Ya ba ma'aurata zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, Ya jiƙan magabatanmu, amin.