Waƙa Ga Mai Liƙi, Shiru Ga Mai Kwano

Kafin a ce na tsani kiɗa, bari in wanke kaina tun da wuri: ni mai son kiɗa ce. In aka kifa ƙwarya aka fara amada, ko tuwo nake tuƙawa sai kafaɗata ta motsa. Abin da ya tsaya mini a wuya daban ne, kuma yau sai na amayar da shi, wadda za ta ji haushi ta ji.

Wato yanzu an samo wata hanya ta nuna tausayi. Da zarar rayuwa ta yi tsanani, sai a kama babban ɗakin taro, a buga kati, a tara makaɗan gargajiya, a ce ai daren waƙoƙin karamci ne, za a tuna wa jama'a falalar taimakon juna a lokacin ƙunci, abin da aka samu kuma na marayu ne da zawarawa. Magana a baki kamar zuma. An kawo mini irin wannan kati bayan cire tallafin man fetur a 2023, lokacin da mudun masara ya fara gagarar magidanta, na kuwa yafa mayafina na je.

Maganar gaskiya, makaɗan nan sun iya hannu. Mai kalangu ya matse shi a hammata yana sa shi magana, mai gurmi da mai kukuma suna ba shi amsa, ga zabiya da 'yan amshinta sun jera ƙore a gabansu. Waƙar farko kan yunwa ce da haƙƙin maƙwabtaka, sai da jikina ya yi sanyi. To daga nan ne sanƙira ya karɓi lasifika, ya juya ya fuskanci kujerun gaba. Shi ke nan, an gama da yunwa. Aka shiga kiran sunaye: Alhaji wane mai hannun kyauta, Hajiya wance uwar marayu, ruwan sama mai jiƙa kowa. Wanda aka kira sai ya miƙe yana gyara babbar riga, ya zaro bandir ɗin sababbin kuɗi ya fara liƙi. Na zauna ina lura, tsawon waƙar mutum daidai yake da kaurin bandir ɗinsa. Kuɗi na ƙarewa, karamci ya ƙare, a koma kan na kusa da shi. Yaran makaɗa suna bi suna tsincewa a ƙasa suna turawa a jaka, wannan nasu ne, haƙƙin sana'arsu ne. Kuɗin marayu kuwa alkawari muka ji ana ta yi, an tafa, an yi guɗa, har muka watse ba wanda ya tashi ya karanta mana lissafi.

Ni ban ga laifin maroƙi ba. Roƙo sana'arsa ce, da ita yake ciyar da iyalinsa, kuma tun zamanin Narambaɗa da Ɗanƙwairo makaɗi yana yabon wanda ya riƙe shi. Yaba kyauta tukwici, in ji Bahaushe. Amma don Allah a kira abu da sunansa. Ka ba mutum kuɗi ya faɗi sunanka a gaban jama'a, wannan ciniki ne, ka saya ya sayar. Ba haramun na ce ba. Cewa na yi kada a ɗora masa sunan karamci, domin sunan yana da masu shi, kuma ba su cikin ɗakin taron nan.

Kin san su waye masu shi? Ki tambayi tsofaffin gidanku. Ƙasar nan tamu ta sha yunwa har ta raɗa mata sunaye. Akwai Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 da kakannin kakanninmu suka gani. Akwai farin 1973 da ya karkashe dabbobi, ya koro mutanen arewa da raƙumansu da yaransu zuwa garuruwanmu. Akwai ta 1984, wadda mutanen Nijar suka sa wa suna El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe kan iyakar Nijeriya, hatsi ya daina tsallakawa. A 2005 mata a yankin Maraɗi da Damagaram sun koma jiƙa 'ya'yan anza kwana da kwanaki don ɗacinsu ya fita a samu abin sa wa yara a baki. Mu ma da idonmu mun ga kullen korona a Kano a 2020, ga azumi ga ƙofa a rufe, mai facin taya da mai tallan goro duk suna zaune a gida. Na san gwamnatoci da ƙungiyoyi sun raba hatsi a wasu daga cikin waɗannan shekaru, ban musa ba. Amma tsakanin rabo da rabo akwai kwanaki masu yawa, kuma ciki ba ya jiran mota ta iso. Wa ya riƙe mutane a waɗannan kwanaki? Kwanon ciyayya ne da ke tsallake katanga.

Ke dai ki tuna yadda iyayenmu mata ke yi. Mace za ta lura yau kwana biyu hayaƙi bai tashi a gidan maƙwabciyarta ba, ba ta ji ƙarar turmi ba, yaran gidan kuma sun yi shiru, ba sa fitowa wasa. Ba za ta tambaya ba, don tambaya tonon asiri ce. Sai ta ƙara ruwa a tukunya, ta rage malmalar kowa a gidanta, har da tata. In magariba ta yi, duhu ya fara rufa ido, ta zuba a kwano ta rufe da faifai, ta kira ƙaramar 'yarta ta ce, "Kai wa Innarku, ki ce ta ɗanɗana mini miyar nan ko gishiri ya ji." Kin ji fa! Wai ta ɗanɗana mata gishiri. Ita ta san ba gishiri ba ne, waccan ma ta sani, amma an bar mata mutuncinta a hannunta. Gobe kwano zai dawo a wanke, wataƙila da ɗan daddawa ɗaya a ciki ko ƙullin kuka, don kada a ce ya dawo wayam.

Haka ake ba da rancen mudu a ce "sai kaka", kaka ta zo ta wuce ba a tayar da maganar ba. Haka mace ke barin ɗaukar adashinta, bayan ta yi wata da watanni tana ƙirga ranar, ta ce a ba wance tunda mijinta na kwance. Haka almajiri ke samun ɗumame a gidan da su kansu ba su ƙoshi ba. Manomi ya fitar da dami ɗaya cikin goma na zakka a bakin gona, daga shi sai Mahaliccinsa. Wa ya taɓa buga wa waɗannan kalangu? Mai bandir ya ba da abin da ba zai hana shi cin kaza da daddare ba. Mai kwano kuwa daga bakin 'ya'yanta ta ɗebo.

In da abin ya tsaya a waƙa kawai, da na kama bakina na ce nishaɗi ne. To bai tsaya nan ba. Idan aka saba wa masu hali cewa kyauta sai da taro da guɗa da mai ɗaukar hoto, to haka za su riƙa yin ta ko'ina. Sai a yi shela, a tara mabukata a rana a ƙofar gida, a jera su a layi, a ɗauki fuskokinsu a watsa a waya duniya ta gani. Mace mai 'ya'ya biyar ta tsaya ana haska ta tana karɓar taliya, gobe kishiyoyi da dangin miji suna nuna ta. Wannan ma da sauƙi. A watan Maris na 2024, cikin azumi, mata sun rasa rayukansu a Bauchi a turmutsutsun rabon zakka. A Disambar shekarar, yara 35 suka mutu a Ibadan a wajen wani taro da aka yi alkawarin rabon kuɗi da abinci, kwanaki kaɗan bayan haka aka sake rasa rayuka a Abuja da Okija wajen rabon kayan abinci. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban ce masu rabon sun yi nufin sharri ba, Allah shi ya san zuciya. Amma ni dai ban taɓa jin an tattake wani a wajen kwanon ciyayya ba.

Wata ƙawata ta ce mini, "Haba ke kuwa, ai yabon ne ke sa masu kuɗi su ƙara sakin hannu, in aka daina zuga su wa zai bayar?" Na ce to, in zugar ce ke fito da kuɗin, a zuga su bayan buhu ya isa gidan marainiya, kada a zuga su a kan alkawari. Ko a gona, makaɗin gayya wanda ke duƙe yana noma yake kaɗa wa, ba ya bin wanda ya zauna a inuwa ya ce zai yi gobe. Ta sake cewa, "Ai ita mai kwanon naki ba ta son a faɗi sunanta, yaya za a yi mata waƙa?" Yo wa ya ce sai da suna? Marigayi Ɗan Maraya Jos, da ɗan kuntiginsa, ya yi wa karen mota waƙa har duniya ta san wahalarsa, shi kuwa karen mota me yake da shi na liƙi? Marigayiya Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, ta yi wa matan gida waƙar su tashi su kama sana'a, ta shiga kowane tsakar gida ba tare da ta jira wata Hajiya ta miƙe da bandir ba. Makaɗanmu sun iya waƙar hali in sun ga dama. Ba su yi ne saboda sun san abin da muke saye.

Eh, mu nake nufi, mu mata. Ba maza kaɗai ke zama a kujerun gaba ba. Mu ne muke fitar da anko don zuwa taron tausayin talaka, kuɗin atamfa da ɗinki da gwaggwaro kaɗai ya isa ya ciyar da gida guda na kwanaki. Mu ne muke canjin sababbin kuɗi har da biyan lada, don kawai wance ta yi liƙi kada a ce mun gaza. Wata daga kuɗin cefane ta tsakuro, wata bashi ta ci. A fita fili ana taka naira da takalmi mai tsini, alhali tun 2007 dokar Babban Bankin Nijeriya ta hana liƙi da taka kuɗi, hukuncinsa ɗaurin wata 6 ko tarar naira 50,000 ko duka biyun. A dawo gida a wuce ta ƙofar maƙwabciyar da ba ta ɗora tukunya ba, ko leƙawa babu, don ƙafa ta gaji da rawa.

Ni ba cewa na yi a rushe taron ba. A yi kiɗa, a biya makaɗa ladansu a mutunce tun kafin su hau dandamali, yadda ba sai sun yi farautar aljihun kowa ba. Amma 'yar uwa, in aka sake kawo miki katin daren karamci, kafin ki tambayi kalar anko, ki tambayi mai katin ina lissafin na bara, gida nawa aka kai wa hatsi, kuma wa ya kai. In ta fara inda-inda, ki mayar mata da katinta. In kuma kin je, kuɗin da kika ware na liƙi ki riƙe shi a jaka har sai zabiya ta huta, ki matsa kusa ki damƙa mata a hannu, ki ce kina son waƙar matar da ke aika kwano da magariba, kuma kada a kira sunan kowa, har da naki.