Majami'ar Florence da unguwar Didawure

Matashin Sokode ko Dapaong da ya buga Assassin's Creed II, wasan bidiyon da kamfanin Ubisoft ya fitar a 2009, ya hau ƙubbar majami'ar Santa Maria del Fiore ta birnin Florence a Italiya yana zaune a Togo. An aza harsashin majami'ar a 1296, Filippo Brunelleschi ya ɗora mata ƙubbar jan bulo tsakanin 1420 da 1436. A cikinta ne 'yan gidan Pazzi suka kashe Giuliano de' Medici ana tsaka da ibada a 1478. Wasan ya mayar da kisan bakin ƙofa, amma ya sa yaro son jin tarihi, kuma wannan riba ce babba.

Tsakiya da arewacin Togo ma suna da nasu tarihin. Ga Didawure, unguwar fatake Musulmi a Sokode, inda ayarin goro daga Gwanja ke yada zango a da. Ga kogunan Nok kusa da Dapaong, rumbunan laka manne a jikin dutse, mafakar mutane lokacin yaƙi. Ya kamata makarantun kwamfuta su tura ɗalibai su auna su, su ɗauki labarin dattawa, su gina wasa.