Wutar Lantarki a Ƙasar Rima: Shiri Tun Da Nisa

Ya ku malamai da attajirai na Wurno da Rabah da Goronyo, ga magana a kan wutar lantarki.

Ku sani wutar da ta ke isowa Magarya daga nesa ta ke tasowa. Madatsar Kainji, wadda aka soma gininta a 1964 aka gama a 1968, ita ce uwa. Daga can babbar waya ta ɗauko ta zuwa Birnin Kebbi, wata ƙarama ta kawo ta Sakkwato, sa'an nan a rarraba wa garuruwa abin da ya saura. Mu ne a wutsiya. In waya ta tsinke can gaba, mai injin shinkafa a Wurno ya koma sayen gas, kuɗin kuwa a kan mudu za ya faɗa.

Waɗanda suka gina Kainji sun yi shekaru suna auna ruwan Kwara kafin su aza tubali. Mu kuwa fa? A 2008 Gwamnatin Sakkwato ta ba da aikin tashar wuta mai megawat 38. Niyya kyakkyawa ce, amma babu bututun iskar gas da ya iso ƙasar nan, watau sai a riƙa jigilar mai a mota daga nesa. Shekara goma ta wuce jama'a ba su ga wutarta ba. An sayi doki, ba a tanadi harawa ba.

To, tun 2023 doka ta yarje wa jihohi su samar da wuta, su kuma rarraba ta da kansu. Abin da na ke gani shi ne a rubuta shiri na shekara 20, wanda sauyin Gwamna ba za ya rushe shi ba. A fara da ƙidaya: injin ban-ruwa nawa ne a fadama, injin niƙa nawa, asibiti da makaranta nawa. A kan wannan lissafi za a san kaurin waya da inda za ta bi.

Wasu suna cewa a sa injin wuta a madatsar Goronyo. Ni ban ƙi ba, amma a tuna don noman rani da ruwan sha aka gina ta, ruwanta kuwa yakan ja baya ƙwarai da bazara, daidai lokacin da manomi ya fi bukatarsa. Rana fa a lokacin nan ne ta fi ƙarfi. Saboda haka faifan hasken rana a bakin fadama, da ƙaramar waya mai haɗa ƙauyuka uku ko huɗu, sun fi dacewa da mai albasa da tafarnuwa.

Attajirai, in wakilanku na majalisa sun zo gida, ku tambaye su takardar shirin, da shekarar da waya za ta iso kasuwarku. Malamai kuma ku ja kunnen masu sare waya da satar man taransifoma, gama dukiyar jama'a ce.