Ruwan Sama, Tauraron Ɗan'adam da Masu Binciken da Muke Rasawa

Duk wanda ke da kwanon talabijin na tauraron ɗan'adam a gidansa ya san abin da kan faru idan hadari ya haɗo: hoto ya fara tsinkewa, daga nan ya ɗauke ɗungurungum sai ruwa ya tsagaita. A gida wannan ɗan ɓacin rai ne kawai. Amma ga reshen banki da ke ƙauye, ko kamfanin mai da ke aiki a cikin fadamun Neja Delta, wanda layinsa na sadarwa ya dogara ga tauraro, ɗaukewar ta rabin sa'a asarar kuɗi ce.

Dalilin hakan yana cikin zangon da ake aika saƙo a kansa. Kamar yadda masu sauraron rediyo suka san gajeren zango da matsakaicin zango, haka taurari ke da nasu. Zangon C, wanda aka daɗe ana amfani da shi, bai damu da ruwa sosai ba, sai dai ya cika maƙil. Saboda haka kamfanoni suka haura zuwa zangon Ku, sannan zangon Ka mai gigahaz 26 zuwa 40, yanzu kuma ana shiga Q da V da ke sama da shi. Gwargwadon yadda aka hau, gwargwadon yawan bayanan da za a iya ɗorawa, farashin kowane gigabait kuma ya sauka. Sai dai a gigahaz 30 tsawon igiyar saƙon santimita ɗaya ne kacal, bai fi ɗigon ruwan sama da yawa ba, don haka ɗigon kan shanye wani ɓangare, ya warwatsa saura.

A nan ne batun ya shafe mu kai tsaye. Kalaba na samun ruwa kusan milimita 3,000 a shekara, Landan kuwa wajen 600, ga shi namu kan sauko da ƙarfi a lokaci guda. Tun a shekarun 1980 marigayi Farfesa Gabriel Ajayi na jami'ar Ile-Ife, wanda daga baya ya zama shugaban farko na hukumar NITDA, ya auna girman ɗigon ruwan ƙasashe masu zafi, ya nuna cewa lissafin da aka gina a kan ruwan Turai ba ya dacewa da namu. Har yau masana na komawa ga wannan aiki.

To, su wa ke ci gaba da irinsa? A ƙasashen da suka yi nisa, nauyin na kan matasan da suka gama digirin digirgir, waɗanda ake ɗauka aikin bincike zalla na shekara biyu ko uku kafin su zama malaman jami'a ko su shiga kamfani. Ba a cika su da darussa, ba a ɗora musu aikin ofis. Jami'ar Surrey a Ingila da jami'ar Luksambog, ƙasar da kamfanin taurari na SES yake, suna ɗaukar irin waɗannan matasa daga ko'ina, Tarayyar Turai kuma na da tallafin Marie Curie domin su. A 2013 Turai ta harba tauraron Alphasat ɗauke da na'urar gwajin zangon Q da V, masu bincike suka shafe shekaru suna auna yadda yanayi ke taɓa saƙon. A 2022 kuma ƙa'idojin wayar salula na 5G suka shigar da taurari cikin tsarinsu, abin da ya ƙara wa masu wannan sani daraja a kasuwa.

A jami'o'inmu wannan matsayi da wuya a same shi. Wanda ya gama digirin digirgir a fannin lantarki sai ya tsinci kansa gaban ɗaruruwan ɗalibai, babu na'urar awo, babu lokaci. Idan ya samu gurbi a waje ya tafi, babu mai ganin laifinsa, ko da yake aikin can ma na kwantiragi ne, ba shi da tabbas. Asarar dai tamu ce, domin mu muka biya kuɗin karatunsa tun daga firamare.

Idan ba a manta ba, Najeriya ta harba NigComSat-1 daga ƙasar Sin a watan Mayun 2007, ya lalace a Nuwamban 2008 sakamakon matsalar faifan hasken rana. Wanda ya maye gurbinsa, NigComSat-1R, ya tashi a Disamban 2011 ɗauke da zangon Ka, an kuma tsara masa shekara 15 na aiki. A Janairun 2023 Starlink ya fara aiki a Najeriya, ƙasa ta farko a Afirka. Mun saya, mun yi rajista, muna biya. Sanin yadda za a tsara tashoshin ƙasa domin saƙo ya kauce wa hadarin Legas ya bi ta Kano, inda sama ke garau a wannan sa'a, shi ne abin da har yanzu ake sayar mana da dala.

A ganina bai kamata a bar wa gwamnati da asusun TETFund wannan kaɗai ba. Bankuna, kamfanonin waya da na mai su ne suka fi kowa asara idan layi ya ɗauke. Albashin mai bincike guda na shekara uku, da ma'aunin ruwa, da kwanon karɓar saƙo a jami'o'in Fatakwal, Akure, Zariya da Maiduguri, ba zai kai abin da babban banki ke kashewa a tallar shekara ɗaya ba. Sharaɗin kawai shi ne albashin ya isa ya riƙe mutum, kuma alƙaluman da aka tara su zama buɗaɗɗu ga hukumar NCC da NASRDA lokacin da za a zauna cinikin tauraro na gaba.