In Ƙafa Ta Gaji, Me Ya Rage Wa Ɗan Ƙwallo?

Babu unguwar da za ka shiga a Jos ko Kaduna ko Yola da yamma ba ka tarar da yara suna tayar da ƙura a bayan ƙwallo ba. Kowanne ka tambaya, burinsa ya je Turai. Mu ba ma ganin laifin wannan buri, gama ƙwallo sana'a ce, ta kuma fid da gidaje da dama daga talauci. Abin da ke damunmu shi ne yadda wasu iyaye suka fara yarda yaro ya ajiye littafi tun yana aji uku na sakandare, wai makaranta tana ɓata masa lokacin atisaye. Muna so mu ja hankalinsu da labarin mutum biyu da suka sa rigar Super Eagles tare a shekarar 1994.

Na farko shi ne Daniel Amokachi, haifaffen Kaduna, wanda ya tashi a ƙungiyar Ranchers Bees. Ya tafi Club Brugge ta Beljiyam, ya ci kofin FA da Everton a 1995, ya ci zinariya da Nijeriya a Atlanta a 1996, ya koma Besiktas ta Turkiyya. Ƙarfinsa ya sa ake masa laƙabi da bijimi. Amma ciwon gwiwa ya kama shi, kuma tun da ya bar Besiktas a 1999, bai ko cika shekara 27 ba, bai sāke buga wa wata babbar ƙungiya ba. Daga baya ya shiga aikin horarwa, har yana mataimakin Stephen Keshi sa'ad da muka ci kofin Afirka a 2013. In gwiwa ta iya tsai da bijimi, wane yaro ne zai ce tasa ba za ta taɓa cin amanarsa ba?

Na biyu shi ne Michael Emenalo, wanda aka haifa a Aba a 1965. Shi sunansa bai yi amo kamar na Yekini ko Okocha ba. Mai tsaron baya ne ta hagu, sau 14 kawai ya buga wa ƙasa. Ya yi yawon ƙungiyoyi a Beljiyam, Jamus, Ingila, Amurka, Sifen da Isra'ila, yawancinsu ba manya ba, ya kuma daina wasa a shekarar 2000. Sai dai kafin ya fara cin abinci da ƙwallo a Turai, ya yi karatu a Jami'ar Boston, yana wasa yana zuwa aji. Da Nijeriya ta kara da Italiya a gasar cin kofin duniya ta 1994, a filin Foxboro aka yi, kusa da birnin da ya yi karatun, yana kuma cikin waɗanda suka buga.

Bayan ya daina wasa ya zauna a Tucson ta jihar Arizona yana koya wa yara ƙwallo, duniya kuwa ta manta da shi. A 2007 aka ba Avram Grant ragamar Chelsea. Grant shi ne ya horar da Emenalo a Maccabi Tel Aviv, bai kuwa manta da natsuwarsa da yadda yake karanta wasa ba, sai ya kira shi. Aikin da aka ba shi shi ne na zaƙulo 'yan wasa da nazarin abokan karawa. A 2010 ya zama mataimakin mai horarwa, a 2011 ya zama daraktan da ke kula da sayen 'yan wasa da makarantar yara, ya riƙe kujerar har 2017. Daga nan ya tafi Monaco, a 2023 kuma aka naɗa shi daraktan ƙwallo na gasar Saudiyya.

Mene ne aikin mai zaƙulo 'yan wasa? Ba zama gaban talabijin ba ne. Zuwa da kai ya fi saƙo, saboda haka yakan bi yaro filin wasa sau da yawa, a gida da waje, ran da ƙungiyarsa ta ci da ran da aka lallasa ta. Yana duban abin da yaron ke yi lokacin da ƙwallo ba ta ƙafarsa, da yadda yake karɓar faɗan mai horarwa, da tarihin raunukansa. Sa'an nan ya zauna ya rubuta rahoto, ya kwatanta da alƙaluma, ya tsaya gaban masu kuɗi ya kāre ra'ayinsa. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, shi kuwa aikinsa ke nan, ya gane ta tun Laraba. A zamanin Emenalo Chelsea ta sayi Lukaku da Courtois a 2011, De Bruyne da Hazard da Victor Moses a 2012, Mohamed Salah a 2014. An yi gaggawar rabuwa da De Bruyne da Salah, daga baya suka zama taurari a Manchester City da Liverpool, abin da ya nuna idon da ya hango su bai yi kuskure ba.

To, a duba da kyau. Wanda bai iya rubuta rahoto ba, bai iya karanta yarjejeniya ba, yaya zai yi wannan aiki ko da ya fi kowa iya yanka? Ƙafa ce ta kai Emenalo gaban Grant, amma ilimi da hali ne suka sa aka tuna da shi bayan shekara bakwai.

Wani zai ce mana, ai tsohon ɗan wasa nawa ne zai sami kujera a Chelsea? Gaskiya ne, kaɗan ne ƙwarai. Amma wannan hujja ta fi ƙarfi a kan mai barin makaranta, domin in ƙofa ƙarama ce ga mai takarda, ina ga wanda ba shi da ita? Mai ilimi in bai sami aikin ƙwallo ba zai koyar, ko ya riƙe kasuwancinsa da lissafi.

Akwai kuma wani dalili da ya sa muke son tsofaffin 'yan wasanmu su shiga wannan aiki da gaskiya. Inda babu masu zaƙulo na ƙwarai, dillalan ƙarya ne ke cika fili. Su ne masu zuwa gida da takardar gayyata ta jabu, su sa uba ya sayar da gona, su yar da yaro a wata ƙasa ba fasfo ba kuɗin komowa. Iyaye su sani, dokar FIFA ta hana kai yaron da bai kai shekara 18 ba wata ƙasa domin wasa, sai a wasu 'yan sharuɗɗa. Ita kanta Chelsea an hukunta ta a 2019 saboda karya wannan doka. Ƙungiyar da ke son yaro da gaske ita ke biyan kuɗin jirgi. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi kafin a gwada ɗanka, ka rufe masa ƙofa, gama kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Kiranmu ga ƙungiyoyi irin su Plateau United da Kano Pillars shi ne su ɗauki tsofaffin 'yan wasansu, su horar da su, su tura su wasannin makarantu da na ƙauyuka da albashi mai kyau. Ga iyaye kuwa, ku saya wa yaro takalmin wasa in kuna da hali, amma kada ku bari ya fita fili sai ya gama aikin makaranta. Ku matasa, ba a fafe gora ranar tafiya. Shekarun wasa ba su cika wuce goma sha biyar ba, sauran rai kuwa yana nan yana jira. Allah ya ba mu hikimar yi wa 'ya'yanmu jagora.