Kansila, Ina Littafin Kayan Jama'a?

A wannan mako ina so mu yi magana a kan aikin kansila, watau wakilin da unguwa ke zaɓa ta aika majalisar ƙaramar hukuma. Abin da ya jawo zancen shi ne, ran nan da la'asar ina zaune a zaurena cikin birnin Kano, sai ga wani tsohon almajirina ya zo gaishe ni. Ni na koya masa lissafi yana yaro, yanzu kuwa Allah ya ɗaukaka shi ya zama kansila. Da muka gaisa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na zo neman shawara da addu'a." Na ce, "Madalla, ɗana, amma kafin addu'a ga lissafi uku. Kuɗi nawa suka shigo hukumarku a watan jiya? Mutum nawa ke karɓar albashi? Rumfuna da filaye da motoci nawa hukumar ta mallaka?" Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Malam, ba a taɓa nuna mana ba, mu kuma ba mu taɓa tambaya ba."

Ban ɗora masa laifi shi kaɗai ba, gama mu da muka zaɓe shi mun ɗauka aikinsa shi ne zuwa suna da jana'iza da biya wa mutane kuɗin magani. To, lalle tarihin garin nan namu ya isa ya koya mana cewa rashin tambaya yana da tsada.

A zamanin Turawa aka kafa Baitulmali, wajen 1911 kuwa ya game ƙasar Arewa. Daga nan aka yanka wa Sarki da hakimai da alƙalai albashi, haraji da jangali suka riƙa shiga littafi a hannun Ma'aji. En'e ta Kano ta fi kowace En'e ta Arewa arziki. Da kuɗinta aka riƙe asibitin birni da makarantu da 'yan doka da gidan yari, har aka kawo ruwan famfo da lantarki a 1931. Amma a lokacin nan Sarki shi kaɗai ne hukuma, 'yan majalisa shawara kurum suke bayarwa, mai duba littafi kuwa Bature ne, ba wakilin talakawa ba.

A watan Agusta 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna, ya nemi a bincika tsarin En'e a gyara shi. Bayan haka aka mai da iko ga Sarki tare da majalisarsa, aka kuma yi Dokar En'e ta 1954. Duk da wannan gyara, a 1962 kuɗin En'e ta Kano suka rikice har biyan albashi ya yi wuya. Gwamnatin Jihar Arewa ta naɗa wani Bature, Mista Muffett, ya bincika littattafai. Ƙarshen al'amarin, Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus a 1963, ya koma Azare. Har yau dattawa sun rabu a kan wannan magana, waɗansu suna cewa siyasa ce tsakaninsa da Sardauna. Ba ni da nufin raba musu gardama. Abin lura a gare mu shi ne, sa'ad da tambaya ba ta fito daga cikin majalisa da wuri ba, sai ta zo daga waje a makare, ta zo kuma da zafi.

Yanzu En'e ta wuce. Tun gyaran 1976 ƙananan hukumomi suka gaje ta, Jihar Kano tana da 44, tsohon birni kuwa ya rabu tsakanin Birni da Kewaye da Dala da Gwale. Tsarin Mulki na 1999 ya danƙa musu kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da maƙabartu da kwashe shara da rajistar haihuwa da mutuwa. Har wa yau, ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba su kasonsu na kuɗin tarayya kai tsaye. To, kadan kuɗi za su shigo gida, wa zai tsaya a bakin ƙofa yana ƙidaya in ba kansila ba?

Ga abin da na gaya wa almajirina. Na farko, kuɗi. Kada ya ɗaga hannu ga kasafin shekara sai ya karanta shi layi layi, sa'an nan kowane wata ya nemi Ma'aji ya kawo abin da ya shigo da abin da ya fita, a gwada da abin da aka yarda. Rasit ɗin da ake yanka wa masu rumfa a kasuwa kuma, a ga gindinsa ya komo ofis, lambobi suna bin juna.

Na biyu, ma'aikata. Ya karɓi takardar albashi ya shiga makarantar firamare da ɗakin shan magani na unguwarsa, ya kira suna ya ga fuska. In akwai sunan da ba shi da mai shi, albashin nan na wani malami ne da yara ke jira. In kuma ofis ya cika da masinjoji alhali ba mai share kwata, majalisa ta faɗa.

Na uku, kaya, nan ne ɓarna ta fi yin shiru. Kuɗi in sun ɓace akan ji kuka a ƙarshen wata, amma fili ba ya kuka. Birninmu a matse yake, taku ɗaya na ƙasa a kusa da Kasuwar Kurmi dukiya ce. Saboda haka ya wajaba a sami littafi guda wanda aka rubuta kowace rumfa da wanda ke haya da abin da yake biya, da iyakar kowace maƙabarta da filin makaranta, da kowace mota da inda take kwana. Kada a sayar ko a ba da aron kome sai majalisa ta zauna ta yarda, an rubuta.

Almajirina ya ce, "Malam, ai sai a ce na yi wa shugaba rashin kunya." Na ce masa tambaya da ladabi ba rashin kunya ba ce, kariya ce ga shugaba mai gaskiya, gama littafi ne zai wanke shi ranar da masu bincike suka zo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku kuma malamai da akawuna, ku da Allah ya ba ku karatu, in kansilanku ya zo gaisuwa ku yi masa lissafin nan uku. Wanda ya sami amsa, ya rubuto mana mu ji. Allah ya ba mu ikon riƙon amana. Haza wasalam.