Takwaran Lang Lang Yana Batsari, Sai Dai Magaji Ya Yi Wuya

In aka ce "kiɗan fiyano" a Katsina ko Kano, abin da ke zuwa ran mai sauraro shi ne ƙaramar na'urar Yamaha ta situdiyo, wadda yaro zai danna maɓalli ɗaya ta zubo masa da ganga da sarewa a lokaci guda. Fiyanon asali wani abu ne daban: katafaren akwati mai maɓallai 88 a yau, wanda Bartolomeo Cristofori ya ƙirƙiro a Italiya wajen 1700, kuma ba ya yi wa kowa aiki sai abin da yatsa ya ba shi. Lang Lang, ɗan birnin Shenyang na ƙasar Sin da aka haifa a 1982, ya hau kansa yana ɗan shekara uku. Yana da tara mahaifinsa ya ajiye aiki ya tafi da shi Beijin neman malamai. A 1999, yana da 17, aka kira shi ya maye gurbin gwanin fiyano André Watts a bikin Ravinia kusa da Shikago, daga nan duniya ta san shi. Shekara goma sha huɗu ke nan na horon hannu kafin dare ɗaya na suna.

A ganina takwaran wannan mutum a ƙasar Hausa ba mai danna na'ura ba ne, mai kukuma ne da mai kalangu, kuma yadda muke barin iliminsu yana zubewa asara ce da ya kamata hukuma ta tare. Dubi kukuma: 'yar ƙwarya, fatar guza, tsirkiya ɗaya ta gashin wutsiyar doki, sai izga da ake goga wa ƙaro. Babu alama ko ɗaya a jikinta da ke nuna wa yatsa inda zai sauka. Kunne ne kaɗai jagora, kuma kuskuren da bai kai faɗin ƙwayar gero ba ma ya isa ya ɓata sauti. Ɗanmaraya Jos, da ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, amma mutum nawa ne za su iya kawo sunayen masu kalangun da suka riƙe masa amo shekara da shekaru? Mun saba yabon baki mu manta da hannu.

Wannan hannu kuwa ba a aji ake yin sa ba. Yaro yakan fara da ɗaukar kaya, ya shiga amshi, ya daɗe yana kallo kafin a miƙa masa makaɗi. Makarantarsa ita ce gidan biki, da gayyar noma, da filin dambe da kokawa bayan kaka, da ƙofar hakimi ranar hawan salla, ko ta Sarkin Ruma a Batsari ko ta Yarima a Safana. 'Yan bindigar dajin Rugu sun rufe yawancin wannan makaranta a ƙauyuka. Garin da ya watse ba ya gayya, wanda bai watse ba kuma yakan ɗaura aure da hantsi a sallami jama'a kafin la'asar. Wa zai kwana yana kiɗa ya sanar da daji cewa akwai taro?

Za a ce ana ta rai wa ke ta kiɗa. Gaskiya ne, tsaro ne gaba. Sai dai gidan da aka ƙona ana sake gina shi, amma dattijon da ya mutu a gudun hijira da taken manoma talatin a kansa ya tafi da su ke nan. Kuma abin da ake nema bai kai kuɗin kwalbati ɗaya ba: Jami'ar Tarayya da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita duk suna Dutsin-Ma, maƙwabciyar Safana. Su naɗi kiɗan waɗannan dattawa, su ba su alawus su koyar da ɗaliban sashen Hausa.

Wasu za su ce kiɗa roƙo ne, wasu su kawo maganar addini. Saɓanin malamai a kan kiɗa tsoho ne, ba kuma a shafin jarida za a warware shi ba; amma na'urar situdiyo ba ta fita daga wannan saɓani ba, ga ta nan a kowace waya. Batun roƙo kuwa, makaɗan Turai ma barorin fada ne a da: Haydn ya yi kusan shekara talatin yana hidimar gidan sarautar Esterházy cikin kayan ma'aikatan gidan. Makarantu da zauren sayen tikiti ne suka raba sana'ar da jiran kyauta.

Na'urar ma ba maƙiyiya ba ce, ta ciyar da dubban matasa a Kannywood. Illa dai sautin kalangun da ke cikinta kwaikwayo ne, ba ya matsuwa a hammata balle ya yi magana. Akin Euba, gwanin fiyano ɗan Legas da ya rasu a 2020, ya ƙarar da shekarunsa yana neman yadda fiyano zai yi zance irin na gangunan Yarbawa. Abin da ya yi ta nema ke nan, mu kuma kalangunmu yana rataye a ƙusa a ɗakin haya cikin garin Batsari, fatarsa tana bushewa.